Takardu Biyu a Jakar Baffa

Rai na Allah ne, Shi ya bayar, Shi ke karɓa, kuma ba ya neman shawarar kowa. Baffana, yayan mahaifina, ya koma gare Shi ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Belleville, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Dattawan unguwa suka ce in rubuta wani abu a kansa, in karanta yau ranar sadakar arba'in, wai ni ne mai alƙalami a gidan. Mai alƙalami. Ni da aka kora daga katiriyam, aji na uku a kolej, nake neman abinci a kan benci a bakin Mairie ta Adjamé, ofishin magajin gari, ina cika wa mutane takardu. To, na rubuta. Wanda ya zo jin yabo zai ji, don mamacin ya cancanta. Amma ku zauna har ƙarshe.

Kwana uku muka yi a ƙarƙashin tanti a bakin titi. Masu takalma na kasuwar Roxy da ke Adjamé sun zo, abokan sana'arsa ne. Alhazan Najeriya masu shigo da kaya sun zo da manyan motoci, suka toshe layin. Waɗannan duk na san za su zo. Waɗanda ban zata ba su ne suka fi yawa. Wata mata ta sauka daga taksi da farar rigar ungozoma, ta durƙusa gaban Yaya, ɗan farin Baffa, ta buɗe baki za ta yi gaisuwa da Hausa, Hausar ta ƙi zuwa. Sai ta faɗa da Faransanci, tana kuka, cewa tsohon bakin ƙofa ya tafi. Wani mai koyar da lissafi ya taso tun daga Bouaké. Wata tsohuwa Baule da ta shekara da shekaru tana soya ayaba a ƙofar kolej ta aiko da buhun ruwa, ta ce a gaya wa iyalansa ya fi mai gadin makarantar gadi, don da an buga ƙararrawa yake korar mata yara daga gaban kasko da lemarsa.

Wani mai takalma da ke kusa da ni ya dubi wannan taro na masu ɗamarar wando da jakar hannu, ya ce, "Wai duk waɗannan namu ne?"

Na ce, "Naku ne. Ba ku san su ba ne kawai."

Rana ta biyu wani tsoho ya iso da sanda, Bajule ne. Sai da ya zauna na gane shi: edikatar ɗinmu ne, malamin da ke kula da ladabi da takardun ɗalibai a zamaninmu. Ya yi addu'a, ya bi mu da hannu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna bai saki ba, ya kalle ni ta saman tabarau.

Ya ce, "A. Kai ne mai karantawa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na zare hannuna na tashi na shiga rabon ruwa, aikin da ba nawa ba.

Baffa bai taɓa zama a aji ba. Daga wani ƙauye a ƙasar Tawa ya zo yana saurayi, ya yi tallan takalma a ka, har ya samu shago kusa da Roxy. Ya iya ajami, ya iya lamba kamar kowane ɗan kasuwa, Julancinsa kuwa har Julawa na tsokanarsa wai ya ƙwace musu harshe. Faransanci dai bai wuce gaisuwa da zagi biyu ba. Yadda aka yi ya zama uban 'yan makaranta, ba shi ya nema ba. Kolej ɗin gwamnati da ke nan Treichville ba ta karɓar yaro sai da sunan babba wanda za a kira in wani abu ya taso. Iyayenmu kuwa yau suna Lome, gobe Kwatano, jibi Kano. Sai wannan ya ce a rubuta Baffa, wancan ma ya ce a rubuta Baffa, tunda shi ba ya tafiya. Kafin a ankara, a takarda shi ne uban kusan duk ɗan Bahaushe da ke makarantar. Da wani ne, da ya sa hannu ya manta. Shi sai ya ɗauki abin da gaske, har ya dami kowa.

Ranar komawa makaranta ba ya buɗe shago da safe. Zai sa farin kaftani, ya rataya jakarsa ta fata, ya ɗauki lema, ya je ya tsaya a bakin ƙofa. Makarantar nan babu irin da babu a ciki. Baule, Bete, Jula, Mosi, 'yan Gine, 'yan Senegal, mu uku uku a benci, na baya suna rubutu a kan gwiwa. Kowa cikin kaki iri ɗaya, ba ka gane ɗan wane. Baffa yana da dabararsa. Duk yaron da ya zo wucewa sai ya ce masa, "Ina kwana?" Wanda bakinsa ya suɓuce ya ce "Lafiya lau" ya shiga hannu. "Ɗan wa? Wane aji?" Sai ya ja ƙwayar carbi ɗaya. Masu wayo su amsa da Faransanci su wuce, ya kamo su ta wuyan riga: "Kai, wannan kunnen na ubanka ne, na san shi tun yana tura baro."

Da yamma ya dawo gida ya zauna da carbin, ya raba shi aji aji. Na siziyam, ajin farko, ƙwayoyi da yawa. Na sankiyam, aji na biyu, sun ragu. Kafin a kai turwaziyam, ajin jarrabawa, abin da ya rage ba ya cika tafin hannu, 'yan mata kuma wata shekarar ko ɗaya babu. Ba korarsu aka yi ba, yawancinsu. Da yaro ya iya lissafi ya iya karanta rasit, uban zai ce ya isa, shago na jira. Baffa yakan ce, "Ku je Roxy ku ƙirga mu, rana za ta faɗi ba ku gama ba. Ku zo ƙofar jarrabawa, hannu ɗaya ya ishe ku." Ya faɗi wannan a masallaci, ya faɗa a wurin suna, ya faɗa a wurin ɗaurin aure har aka daina ba shi lasifika.

Ranar rabon kyaututtuka ta ƙarshen shekara yana zama a layin gaba, ba ya jin ko kalma ɗaya ta jawabin, kunnensa na kan sunaye kawai. In aka kira sunan ɗan Bahaushe, ko na goma ne, sai ya miƙe tsaye shi kaɗai ya ɗaga lema. In ba a kira ba ya dawo gida ya ƙi cin tuwo, Inna matarsa ta yi ta mita wai mutum na fushi da abinci saboda 'ya'yan wasu.

Alherinsa ba na baki ba ne. Yara da yawa a gida aka haife su, ba takardar haihuwa, kuma ba takarda ba jarrabawa. Shi ne mai bin layi a Mairie da kotu, da shaidu biyu da ya kwaso daga kasuwa, ya wuni a tsaye. Ungozomar nan da ta zo kuka, sau huɗu ya je ƙofar ubanta, a na huɗun ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya ce nan zai yi azahar da la'asar har sai an mayar da ita aji. A cikin jakarsa akwai allura da zare saboda kakin da ya yage. Na ga ya durƙusa a bakin titi yana ɗinke wa ɗan Mosi aljihu, ba ma namu ba.

Ni kuwa abin da ya yi mini ya fi na kowa. Mahaifina ya rasu ina shekara shida, Baffa ya ɗauko ni. A kwanonsa nake ci. In ya sayo takalmin salla ni ke fara zaɓa. Mushe yake kirana, wato malamin makaranta, don tun ina firamare bakina ya fi na kowa saurin Faransanci. Yaya kuwa, da ya girme ni da wata biyar kacal, ajinmu ɗaya, bencinmu ɗaya, ban taɓa jin Baffa ya kira sunansa ba. Yaran yanzu ba za su gane ba, sai in bayyana. A wurin mutanenmu na da, ɗan fari abin kunya ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya zama da shi hira, ba ya tsaya masa a gaban mutane. "Wancan" yake ce masa. In yana son ya aike shi, ni zai gaya wa, Yaya na tsaye a wurin: "Mushe, gaya wa wancan ya kai wa Inna cefane." Inna ma haka, ɗan farinta ne ita ma. Ana ce wa wannan kawaici, ana yabon mai yinsa. Ni dai na ga abin da ya haifar.

Rigimarsa mafi girma da Alhaji ce, mai shigo da kaya daga Kano, wanda yake zaune a nan yau, Allah ya ƙara masa lafiya. Alhaji ya cire 'ya'yansa biyu daga sankiyam a shekara ɗaya, yana shirin cire na uku. Bayan sallar Juma'a Baffa ya tare shi a harabar masallaci.

Alhaji ya ce, "Malam, ni boko na yi? Ga ni nan, me na rasa?"

Baffa ya ce, "Takardun kayanka na tashar jirgi, wa ke karanta maka?"

"Akawuna."

"Ɗan wa?"

Kowa ya san akawun ɗan mai gadin siton Alhaji ne. Aka yi dariya, shi bai yi ba. Sai da liman ya shiga tsakani, aka yi yarjejeniya a gaban jama'a. Makin makaranta bisa ashirin ake ba da shi. Yaron da ya samu goma zuwa sama, ubansa ba zai taɓa shi ba. Wanda ya gaza goma, uban ya ɗauki abinsa, Baffa ba zai je ƙofar kowa da buzu ba. Aka shafa fatiha a kan haka.

Daga nan aka fara zaman bultan, wato takardar sakamako. Ƙarshen kowane zango Baffa ne ke zuwa ofishin edikatar ya karɓo na duk yaran da ke sunansa, ya zuba a jaka, ba yaron da ke ganin tasa. Ranar Lahadi bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu, a ɗora shayi, iyayen da ke gari su zo, yara su zauna can gefe jikin bango. Ni ne mai karantawa. In zaro takarda, in kira suna, in faɗi maki da abin da malamai suka rubuta, in miƙa wa Baffa. Shi kuma ya ɗora yatsa a kan lambar ya tabbatar, don lamba ba a yi masa wayo a kanta. Sunan da ke sama ne ba ya iya karantawa. Takarda ɗaya ce ba a taɓa karantawa ba, ta Yaya. In na zo kanta sai ya ce, "Wuce ta gida," ya karɓe ta a kife ya mayar jaka. Ban yi zaton ya taɓa buɗe ta ba ko shi kaɗai.

A katiriyam na lalace. Ba wanda ya lalata ni. Na gano gidan bidiyo da teburin ƙwallo, in fita da kaki da safe in ɓuya har a tashi. Zangon farko na tsira da goma cif. Zango na biyu, ranar Lahadin nan, ina juya takardu a hannuna sai na ga tawa. Bakwai. A bayanta ta Yaya, sha huɗu da rabi, na uku a aji. Na tura su ƙasa, ina karanta na wasu, ina tunanin yadda wannan mutum da ke kirana Mushe zai ɗora yatsa a kan bakwai.

Saura biyun nan a hannuna sai Alhaji ya ajiye kofin shayi.

Ya ce, "Malam, kullum na 'ya'yanmu ake tonawa. Kai ba ka da ɗa a makarantar ne? A karanta ta gida mu ji."

Baffa bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Mushe, karanta ta wancan."

Ban shirya ba, kada wani ya ce na kwana ina ƙullawa. Amma kuma kada wani ya ce kuskure ne. Na kira sunan Yaya, na ɗaga takardata, na ce bakwai bisa ashirin, ba ya zuwa aji, ba ya aiki. Na miƙa. Baffa ya ɗora yatsa a kan bakwai, yatsan ya daɗe a wurin. Sannan na kira sunana da takardar Yaya.

Daga jikin bango Yaya ya miƙe. Hausarsa ba ta da ƙarfi a lokacin, a nan aka haife shi, in ransa ya ɓaci Faransanci ke fitowa. Ya ce, "Papa, c'est pas pour moi." Wato ba tawa ba ce.

Baffa bai dube shi ba. Ni ya duba. Ya ce, "Gaya wa wancan, a gidan nan da Hausa ake magana, kuma yaro ba ya magana manya na zaune."

Yaya ya buɗe baki yana neman kalmomin, ya ce, "Takarda… shi ne… ba ni…" Wani ya yi dariya. Ya koma ya zauna.

Alhaji ya ce, "To, Malam, yarjejeniya fa?"

Baffa ya ce, "Ba sai ka tuna mini ba. Gobe da safe yana shago."

Washegari na sa kaki, Yaya ya sa tsohuwar riga ya bi ubansa tashar bas zuwa Adjamé. Ɗakinmu ɗaya, katifarmu ɗaya. Na jira ya dake ni. Bai dake ni ba, bai ce mini komai ba. Mutane kuwa suka yi ta yabon Baffa, wai ga mutumin da bai bambanta ɗansa da na wasu ba. Alhaji da kansa ya bar ɗansa na uku ya gama kolej saboda abin da ya gani a ranar.

Zango na uku da aka zo zaman bultan na lura da sabon abu. A saman kowace takarda, a kusurwa, akwai sunan yaron da ajami, rubutun Baffa da tawadar allo. Kafin ya miƙo mini sai ya duba kusurwar. Na ce a raina tsufa ne ya sa shi son tsari. Haka ya ci gaba da yi har ƙarfinsa ya ƙare, duk wanda ya bi ta hannunsa ya san wannan rubutu. A zaman nan babu tawa a cikin jakar, don takardar kora ce aka ba ni a hannu. Kwafin Yaya nake yi a aji, da ya tafi sai na zube gaba ɗaya.

Na sami Baffa a shago na ce masa sun kore ni saboda ni ɗan baƙi ne, wai gurbin na 'yan ƙasa ne. Yana jera takalma, bai juyo ba.

Ya ce, "Haka suka ce?"

Na ce, "Haka suka ce."

Ya ce, "To."

Wannan ƙarya ta biyu ta fi ta farko tsawon rai. Shekara talatin da wani abu ina yawo da ita. Na faɗe ta a wurin mai shayi, na faɗe ta a kan bencina na Mairie, har na zo ina jin zafinta kamar gaskiya. Ba na cewa ba a taɓa wulaƙanta ɗan baƙo a garin nan ba, an yi, na gani da idona a wasu ofisoshi. Amma ni ba a yi mini ba. Kuma iyaye sun ɗauki labarina sun yi sanda da shi. Baffa zai je ƙofar mutum, mutumin ya ce, "Malam, ɗan ƙanenka mai sha huɗu da rabi ma sun kore shi, nawa me zai samu?" Baffa ya sunkuyar da kai ya ce a dai bari yaron ya gwada. Yara nawa aka cire da sunana, ban sani ba. Carbinsa ne ya sani.

Duk da haka bai canza mini ba. Shi ya nema mini aure, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Abu ɗaya ne kawai: tun daga shekarar bai sake ce mini Mushe ba. "Ɗan ƙanena" ya koma cewa. Na lura, na yi kamar ban lura ba.

Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, Yaya ya ce in zo ɗakin Baffa. Shi ke riƙe da shagon yanzu, furfura ta fito masa, Hausarsa ta fi tawa. Jakar fatar na kan gado. Ya zaro takardu biyu da suka yi ja don tsufa, ya ajiye a gabana. Na duba kusurwa. A kan mai bakwai, sunana da ajami. A kan mai sha huɗu da rabi, sunan Yaya, cikakke, sunan da ban taɓa jin bakin Baffa ya furta ba.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Sati uku bayan ranar. Edikatar ya zo shago da kansa, ya tambaye shi da Julanci me ya sa ya cire na uku a aji. Ina bayan kwalaye ina ji. Baba ya fito da takardun ya ce ya nuna masa suna da yatsa. Da ya nuna, sai Baba ya zauna a kan kwali. Har edikatar ya tafi bai tashi ba."

"Me ya sa ba ka koma ba?"

"Ya aiko Inna ta ce in sa kaki gobe. Na ce a gaban mutane aka karanta, in ana so in koma a sake tara su a karanta daidai." Ya ɗan yi murmushi. "Yaro ne ni, ina da taurin kai. Na ɗauka zai yi."

"Bai yi ba."

"Ya ce wa Inna ba zai tsayar da marayan ƙanensa a gaban jama'a a kira shi maƙaryaci ba. Ya ce nasa zai iya haƙuri. Ni na jira shi, shi ya jira ni, shekara ta ƙare." Ya mayar da sauran takardun jaka. "Sau ɗaya ya yi mini maganar, a asibiti, saura kwana huɗu ya rasu. Ya ce, na tsare yaran mutane a ƙofa, nawa ya fita ta gabana. Kuma da sunana ya kira ni."

Na ce, "Yaya, me kake so in yi?"

Ya ce, "Ban kira ka don ka yi wani abu ba. Takardarka ce, ɗauki abarka."

Ina riƙe da su sai muryar Inna ta fito daga bayan labule, tana takaba, ashe tana jinmu. Ta ce, "Ɗan nan, ni ban taɓa jin abin da ke cikin ta wancan ba. An ce mini dai mai kyau ce."

Na karanta mata. Da na gama ta ce, "Na uku. A cikin duk yaran nan, da Baule da kowa?" Na ce da kowa. Ta ce, "Sake faɗa." Na sake.

Kwana talatin da uku ke nan ina juya abin. A waje a ranar akwai sauran dattawa a tanti, da na fita na faɗa, amma na sa takardun biyu a aljihu na bi ta ƙofar baya na hau bas. Da aka ce in rubuta ta'aziyya na fara sau uku ina tsallake wannan wuri, in yabi lema da carbi in rufe. Zai yi daɗin ji, ku watse kuna cewa Allah ya ji ƙan Baffa, Mushe ya iya rubutu.

Ba na zargin Baffa, ba ni da bakin. Amma ba zan ce ya yi daidai ba, shi ma bai ce ba. Ya rufa mini asiri da karatun ɗansa, ni kuma na karɓa na yi shiru na ƙara da wata ƙaryar. Masu 'ya'ya a makaranta, ku daina kafa hujja da ni. Ba wanda ya kore ni don ni Bahaushe ne. Bakwai na ci.

Saura abu ɗaya. Yaro ya nemi a tara mutane a karanta daidai, ga mutane sun taru. Da yawa daga waɗanda suka zauna a tabarmar nan sun riga Baffa tafiya, amma Alhaji yana nan, kuma shi ya ce a karanta ta gida a ji. To, Alhaji, ga ta gida.

Zango na biyu, ajin katiriyam. Ɗan farin Baffa. Lissafi sha shida. Faransanci sha uku. Jimilla sha huɗu da rabi bisa ashirin, na uku a aji. Bai yi fashi ko na rana ɗaya ba. Malamai sun rubuta: ɗalibi mai natsuwa, zai yi nisa in aka bar shi.

Allah ya gafarta wa Baffa, ya sa tsayuwar da ya yi a bakin ƙofar nan ta zame masa inuwa. Jakar tana hannun Yaya, shi ya san wanda zai ba. Wannan takarda kuwa tasa ce, yanzu zan sauko in miƙa masa a gabanku. In ya karɓa, ya karɓa.